Mun Yi Mako Uku Muna Yabon Ciwon Safiya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta, ya bar ni da rai har na ga bayan wannan jinya. Sunana Rabi. A Karaye Malama Rabi ake ce mini, don na daɗe ina koyarwa a firamare kafin na ajiye alli. An san ni da baki, ban kuwa taɓa musawa ba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne bakin nan nawa ya kusa jawo mana asarar rai biyu, kuma na san irina suna da yawa a gidaje, masu yi wa 'ya'ya wankan jego suna cika baki. Na nemi izinin Safiya kafin na ɗauki biro. Ta ce in rubuta, kada in rage komai.

Safiya 'yar wana ce. 'Yar fari ce, saboda haka ana yaye ta aka kawo mini ita riƙo daga Yola, tamu ta ƙasar Karaye, ba ta Adamawa ba. A hannuna ta girma, ni na aurar da ita. Mijinta Ya'u mutumin Zoza ne ta ƙasar Rogo. Gidansu gidan shanu ne, shi kuma yana sayar da dusa da maganin dabbobi a kasuwar Rogo. Da cikinta na fari ya shiga wata takwas aka kawo ta gidana goyon ciki. Tsakiyar damina ta haihu a asibitin garinmu, 'ya mace, lafiya ƙalau, kwana ɗaya aka sallame mu.

Makon farko ban da hayaƙi ba abin da na sha. Itace ya yi tsada, ga shi jiƙaƙƙe, ga wanka safe da yamma. In tafasa ruwa da ganyen darbejiya, in dama kunun kanwa, in tari 'yan barka. Duk wadda ta shigo sai ta tarar da Safiya ta juya fuska bango, jaririya tana can gefe. Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban manya, ko kuka yake yi sai an ce ta ɗauke shi. Da haka muka tashi. Saboda haka da na ga Safiya ko kallon yarinyar ba ta yi, daɗi na ji.

Ranar suna uwar Ya'u ta zo daga Zoza da ƙwaryar nono da man shanu. Dada Hajjo ake ce mata, doguwar tsohuwa mai ƙarancin magana, kuma sunanta aka sa wa jaririyar, muke kiranta Ummi. Ta zauna a ɗakin ta daɗe tana lura da surukarta, sannan ta fito ta same ni a madafa.

"Malama, kin iya tarbiyya," ta ce. "'Yan yanzu tun jariri bai bushe ba suke ɗaukar hoto da shi a waya, duniya ta gani. Wannan kuwa na zauna ina kallo, ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dubi takwarata ba. Ko a rugarmu an daina samun irinta."

Yabo daga bakin Dada ba ƙaramin abu ba ne. Kaina ya kumbura har ɗankwali ya yi mini kaɗan. Ranar duk wadda ta zo cin tuwon suna sai da na maimaita mata maganar, har da ƙarin gishiri.

Mako na biyu kwanon kunu ya fara dawowa yadda na kai shi. Naman ƙauri da na gasa mata da yaji, wanda mai jego ke lasar yatsa a kansa, sai ta tsakura ta ture. Kullum da safe idonta jajir, alamar ba ta runtsa ba. In za a shayar da Ummi sai na ɗora mata ita a cinya, ta riƙe ta kamar wadda aka ba ajiyar kaya a tasha. A wurin wanka kuma hawaye take yi ba sauti. Na ce zafin ruwa ne, wace mai jego ce ba ta kuka a wanka? Har tsiya nake mata, ina cewa raguwa, mu a zamaninmu ruwan ya fi haka zafi.

A mako na uku Ummi ta fara ramewa. Wuyanta ya yi siriri, kukanta ya dusashe. Nan fa masu shawara suka yi mini caa. Wata ta ce nonon ne ba kyau, a tatsa a jefa tururuwa a ciki a gani ko za ta mutu. Wata ta ce iska ce, ai ta ga Safiya ta wuce gindin tsamiya da tsakar rana tun tana da ciki. Wata ta ce baki ne, yabon ranar suna ya yi yawa. Wannan ta ƙarshe ta fi kowa kusa da gaskiya, ko da yake ba yadda take nufi ba. Na sayi turaren hayaƙi, na sayi jiƙo kala biyu, kuɗi suka tafi a banza. Na je wurin limamin unguwarmu ya yi mana rubutu. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce, "Malama, ku sha wannan, amma ku haɗa da asibiti. Jariri ba ya jira." Allah ya saka masa da alheri.

Mun isa asibiti da sassafe, ana yayyafi, amma sai gab da azahar aka kira mu. Benci biyu ne a rumfar, mata sun fi ƙarfinsu, sauran muna tsaye ruwa yana fesa mana. Mai yankar kati kuwa sai da ya gama karin kumallonsa a natse muna kallo. Na faɗa masa abin da ya sawwaƙa, ba zan maimaita a nan ba.

Wadda ta duba mu ma'aikaciyar jinya ce, Sista Talatu, gajeriya mai fara'a, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ɗora Ummi a sikeli, ta dubi katin haihuwa, fara'ar ta ragu. Yarinya ba ta kai nauyin da aka haife ta da shi ba. Ta juya ga Safiya.

"Kina samun barci?"

"Tana yi," na ce.

"Abinci fa?"

"Tana ɗan taɓawa. Kin san haihuwar fari."

Sista ta ajiye biro. "Malama, ke kika haihu?"

Tun da nake ba a taɓa kore ni daga ɗaki ba sai ranar. Na fita ina huci. Sun fi rabin awa a ciki. Da ta kira ni, Safiya tana share ido da gefen mayafi. Sista ta ja ni gefe ta ce yarinyar nan ba ta da lafiya, kuma ba a jiki ciwon yake ba, a zuciya yake. Na ce wace irin magana ce wannan, kunya ce, tarbiyya ce, ni na rene ta.

"Malama, ni ma 'yar garin nan ce, na yi kunyar ɗan fari," ta ce. "Amma mai kunya ɓarauniya ce. Satar kallo take yi. Da zarar ɗaki ya watse za ta sure ɗanta ta shinshina shi. Kin taɓa ganin abin da Safiya take yi idan ba kowa?"

Ban taɓa ba. Na ɗauki jakata muka tafi.

Washegari da hantsi na ce zan je cefane. Na fita ta zaure, na zagaya ta lungu, na tsaya a tagar bayan ɗakin. Tsofai-tsofai da ni ina leƙen taga. Ummi tana kan gado tana kuka da 'yar muryarta, ƙuda yana bin bakinta. Safiya tana zaune a ƙasa, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, tana kaɗa jiki gaba da baya. Ba mai kallonta, ba wanda za ta ji wa kunya. Na tsaya ina jira ta miƙa hannu, ba ta miƙa ba.

Na koma na shiga, na ɗauki Ummi, na zauna a ƙasa kusa da ita. Na ce, "Safiya, faɗa mini."

Ta sauke hannuwanta daga kunnuwa. "Goggo, ba na jin komai. In na dube ta kamar 'yar wasu. Kowa yana cewa ina da kunya, ni kuwa tsoronta nake ji. Wace irin uwa ce ba ta son abin da ta haifa? Allah ma ya san ban cancance ta ba."

"Me ya hana ki faɗa mini tun tuni?"

"Na ga kina jin daɗi."

Wannan kalma har yau in na tuna sai na ji ta a ƙirjina. Ba ta tsaya nan ba. Ta ce shekaranjiya da na shiga maƙwabta ta je bakin rijiya ta daɗe a tsaye, tana tunanin in ba ta, Ummi za ta samu uwa ta gari. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na kuma ji kunyar kaina. Mako uku yarinya tana nutsewa a gabana ina yi mata guɗa.

Kafin la'asar na sa kafinta ya yi wa rijiya murfi da kwaɗo, mabuɗin na ɗaure a bakin zanina. Maganin ƙwari da na ɓera duk na kwashe daga gidan. Na kira Sista, ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano. Sannan na kira Ya'u. Ya zo a babur, taɓo har gwiwa saboda hanyar Zoza, ya durƙusa a zaure kansa a ƙasa. Na faɗa masa komai.

"Goggo, ko wani abu na yi mata?"

"Ba ka yi komai ba. Ciwo ne."

"To a yi duk abin da ya kamata. Ina da maraƙi, gobe kasuwa." Ya ɗago kai. "Sai dai kada Dada ta ji tukuna. Za ta ce asibitin masu taɓin hankali muka kai ta."

Mako na huɗu a hanyar Kano ya ƙare. Zuwan farko mun sha layi tun safe, da muka kai gaba aka ce ba ranar masu irin wannan lalura ba ce, mu dawo jibi. Ba wanda ya iya faɗa mana haka tun a ƙofa. Kuɗin mota na mutum uku ya tafi, ga mai jego da ɗanyen jiki, ga jaririya. A motar dawowa ban bar kowa ya yi gyangyaɗi ba saboda mita. Zuwa na biyu muka ga likita, wata matashiya mai sanyin murya. Wannan karon da kaina na tashi zan fita, ta ce in zauna tukuna, za ta ji ta bakin kowa daban.

Ta ce sunan abin ciwon damuwa na bayan haihuwa, yana kama mata da dama, malama da jahila, mai kuɗi da talaka, kuma ana warkewa. Ta ce ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Na zaci za ta hana wanka da kunu, har na shirya musu. Sai ta tambayi Safiya ko wankan yana mata daɗi. Safiya ta ce shi kaɗai ne lokacin da jikinta ke saki. Likita ta ce to a ci gaba, amma a rage zafin ruwan, kanwa kuma a yi ƙasa da ita sosai saboda zuciya. Rubutun liman ma ta ce a ci gaba. Ta rubuta ƙwaya ɗaya kullum, wadda ba ta hana shayarwa, ta gargaɗe mu cewa sai an yi makonni kafin a ga aikinta. Daga nan ta dube ni ta faɗi maganar da na riƙe har ƙarshen jinyar.

"Mama, kada a raba ta da 'yarta. Kada kuma a bar ta ita kaɗai da ita."

A hanya na yi ta juya maganar. Gidan jego kasuwa ne, wannan ta fita wannan ta shigo, kuma kowace ido ce. Ni kaina ido ce, don ni ce babbar da za ta ji wa kunya. Ta yaya za ta saba da 'yarta? Dabarar da na yi, kuma ina alfahari da ita, ita ce wannan. Kullum daga azahar zuwa la'asar sai in kulle ƙofar zaure. Duk wadda ta ƙwanƙwasa in ce mai jego tana barci. Allah ya yafe mini, na yi ƙarya a wata biyun nan fiye da ta duk rayuwata. A ɗaki in tuɓe wa Ummi riga, in kwantar da ita a ƙirjin uwarta, fata da fata kamar yadda Sista ta nuna mini, in ɗaure su da zani. Sannan in ja kujera bakin ƙofa, in juya musu baya, in hau ɓarar gyaɗa. Ina nan, amma ba na kallo.

A wurin wanka kuma na daina wa'azi. Sista ta ce in yi tambaya ɗaya in kama bakina. Wanda ya san ni ya san wannan ya fi ɗaukar itace wuya. Sai in ce, "Yau yaya zuciyar?" in ciji leɓe. Wata rana ta ce da sauƙi, wata rana ta yi kuka har ruwa ya huce.

Mako na biyar ban ga komai ba sai tashin zuciya da ƙwayar ta sa mata. Na kira Sista na ce maganin nan nasu na bogi ne. Ta yi dariya ta ce in yi haƙuri, ta kuma ce in riƙa kawo Safiya ranar Alhamis, tana tara masu jego a rumfar asibiti bayan an gama awo, su yi hira. Zuwan farko Safiya ba ta ce uffan ba. Amma a hanyar gida ta ce, "Goggo, matar nan mai jan mayafi, 'ya'yanta huɗu, ta ce ita ma ta yi irin ciwon nan." Rabon da ta fara magana ba a tambaye ta ba har na manta.

Ranar arba'in Dada Hajjo ta zo, kuma labari ya riga ya kai mata. Gaisuwa ta yi ta a tsaitsaye. Ta ƙi shan ruwan da na kawo.

"Malama, an kai mana suruka asibitin masu taɓin hankali ba mu sani ba. To, ya wuce. Ita ta zauna nan ki yi jinyarta. Takwarata kuwa ki ba ni. Muna da madara, muna da masu goyo. Dama ɗan fari ba na uwarsa ba ne."

Me zan ce? Ni da aka ba Safiya ta wannan hanya? Al'ada tana bayan Dada, jikarta ce, sunanta ne. Kuma ba mugunta ta kawo ta ba, ta ga yarinya a rame ne. Amma na san in aka ɗauke Ummi ranar, Safiya za ta ce ga shi an tabbatar ba ta cancanta ba, kuma murfin rijiya ba zai tsare ta har abada ba. Na sauke murya, abin da ban saba ba.

"Dada, wanka bai ƙare ba."

"Arba'in ɗin Karaye kwana nawa ne?"

"Na wannan yarinya ya fi na kowa tsawo. Likita ta ce kada a raba su. Ki ba ni lokaci. In ban iya ba, da hannuna zan ɗora miki ita a baya."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin. "Idan an yanke gero zan dawo. In na tarar da surukata yadda na bar ta, da takwarata zan tafi." Ta sa takalmanta ta fita.

Daga ranar duk gonar geron da na wuce sai gabana ya faɗi. Ban faɗa wa Safiya ba sai da Sista ta ce ɓoye mata ba shi da amfani. Da ta ji, ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba, na ce shi ke nan mun koma baya. A kwana na uku da safe ina shara na ji murya daga ɗaki.

"Goggo, akwai sauran ɗumame?"

Na yar da tsintsiya. Namu ya ƙare, sai a maƙwabta, amma sai da na samo shi.

Daga mako na bakwai sauƙi ya fara zuwa, a hankali, yau gaba gobe baya. Barci ya dawo. Nono ya ƙaru. Likita ta ce a riƙa barin mijin ya shigo, ni kuwa a iya sanina miji ba ya wuce zaure a gidan wanka. Na karya wannan ma. Ya'u ya riƙa zuwa duk ranar da ba kasuwa, da tsire a takarda, ya zauna a bakin ƙofa yana ba ta labarin shanu. Kuɗin maraƙin suka ƙare a mota da magani, na sayar da tunkiyata, ban kuwa yi nadama ba. Akwai ranar da wata maƙwabciya ta ce a gaban Safiya, "Ashe hauka aka yi, Allah ya ƙara sauƙi." Safiya ta wuni a kwance. Ni kuma na bi matar har gidanta. Ba ta sake ba.

Wata rana a mako na tara, ina zaune na juya baya ina ɓarar gyaɗa, sai na ji wani ɗan sauti. Ummi ce take gwaranci. Can sai na ji an amsa mata, ƙasa-ƙasa, da irin muryar da uwa ke yi wa jariri. Suka yi ta yi, wannan ta ce wannan ta amsa. Wuyana har ciwo yake don son in waiga, ban waiga ba. Na zauna ina kuka a cikin gyaɗa, ina jin daɗin da ban ji ba ko ranar aurenta. Alhamis ɗin da ta biyo Sista ta ɗora Ummi a sikeli ta yi guɗa, duk rumfar aka juyo.

Ga 'yan'uwana masu wankan jego, ba cewa na yi a bar kunya ba, adonmu ce. Amma mai jegon da ba ta ci, ba ta barci, take kuka ba dalili har ya wuce mako biyu, a daina yabonta a tambaye ta. A tambaye ta ita kaɗai, kuma a bar ta ta amsa da bakinta. In ta ambaci mutuwa ko da wasa, ranar za a nemi asibiti, ba gobe ba. Magani kuma ba a ajiye shi don an ga sauƙi. Safiya ta yi watanni tana sha kafin likita da kanta ta janye shi.

An yanke gero. Dada ta zo wata Laraba da hantsi, ba aike. Wannan karon ta sha ruwa, muka gaisa har da tambayar shanu. Amma na ga sabon majanyi, saƙar hannu, a naɗe a cikin ƙwaryarta, na san da shirinta ta zo. Muka zauna a tabarma a tsakar gida. Safiya ta fito ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma gefe ta sunkuyar da kai. Dada ta karɓi Ummi daga hannuna, ta juya ta, ta taɓa cinyoyinta da suka yi ɓul-ɓul.

Sai Ummi ta fara kuka.

Nan na gane tarkon da muke ciki. In Safiya ta zauna kai a ƙasa kamar yadda kunya ta ce, Dada za ta ce ga ta yadda ta bar ta. In ta tashi, ta yi rashin kunya gaban uwar mijinta. Ba wanda ya shirya mata wannan, ni ma ban hango shi ba. Magana ta zo mini har leɓe, na haɗiye. Dada tana jijjiga yarinya, kuka yana ƙaruwa, ita kuma idonta yana kan surukarta.

Safiya ta miƙe. Ta tako har gaban tabarma ta durƙusa.

"Dada, ki gafarce ni. Yunwa take ji. Ki ba ni ita."

Dada ta miƙa mata. Safiya ba ta shiga ɗaki ba. A nan gabanmu ta zauna ta sa ta a nono, tana share mata hawaye da yatsa, tana kallon fuskarta kamar ba kowa a gidan. Ni dai in alfahari yana kashe mutum da ranar an yi jana'izata.

Da Dada ta yi magana, ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo.

"Ya'u ba shi ne ɗana na fari ba, Malama. Akwai wansa. Ni ma haka na juya wa bango fuska. Ba na ci, ba na barci. Aka yi ta yabona, har daga wasu rugage ake kawo 'yan mata su ga kunyata. Watansa biyu ya koma. Da aka binne shi ban yi kuka ba, aka ƙara yabona." Ta goge ido da bayan hannu. "Shekara arba'in da wani abu ina cewa ni na kashe shi. Ba wanda ya taɓa ce mini ciwo ne."

Ni mai baki, na rasa abin faɗa. Safiya ce ta ce, "Ciwo ne, Dada."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta ciro majanyin daga ƙwarya ta ajiye a cinyar Safiya, ta ce ta riƙa goya takwararta da shi. Sannan ta juyo gare ni.

"Malama, akwai 'yar ƙanena a Zoza. Kwananta goma sha biyu da haihuwa, ɗan fari. Jiya da bakina na yabe ta." Ta gyara zama. "Sistar nan taku, wace rana take zama?"

Na ce gobe Alhamis. Ta ce to a Karaye za ta kwana, a kira Ya'u ya ɗauko yarinyar da sassafe.